Kurkum da sojojin jiki masu hura kumburi

'Yan uwa, tambaya ta yi yawa a kan kurkum, wato gangamau, musamman daga masu ciwon gwiwa da gaɓoɓi.

Kumburi a asalinsa rahama ce. Idan ƙaya ta soke ka, wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta, sukan ruga wurin su saki sinadaran kiran agaji, shi ya sa wurin ke yin zafi ya tashi. Matsalar ita ce in an gama yaƙi amma sojojin suka ƙi komawa bariki. Sai su dinga cin naman gida, kamar yadda ake gani a amosanin gaɓoɓi.

A cikin waɗannan ƙwayoyi akwai wani makunni da masana ke kira NF-kB, shi ke ba da umarnin sakin sinadaran kumburi. Kurkumin, wato abin da ya ba kurkum launin rawaya, an ga yana danne wannan makunni, sai ƙwayoyin su sassauta. Amma ku lura, galibin wannan a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka gani.

A jikin mutum labarin ya sha bamban. Kurkumin bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na garin kurkum ba, ba ya narkewa a ruwa, kuma hanji da hanta na saurin fitar da shi. A 1998 masu bincike a Bangalore ta Indiya sun nuna cewa sinadarin masoro na ƙara shigarsa jini har ninki 20. Don haka ni nakan ce a zuba rabin ƙaramin cokali a miya mai mai, ko a madara mai ɗumi, da ɗan masoro kaɗan.

Kafso mai ƙarfi da ake tallatawa kuwa, gaskiya ban saki jiki da shi ba. A Italiya a 2019 an samu waɗanda hantarsu ta kumbura bayan shan irinsa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da mai tsakuwa a maɗaciya, da mai juna biyu, da wanda za a yi wa tiyata, su tsaya a na miya kawai. Kada kuma wani ya ajiye maganin asibiti saboda kurkum. In ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, a dakata, a je a gwada hanta ranar nan.