Tawadar da Haske ke Sandarar da Ita

Duk wanda ya yi karatun allo ya san halin tawada. A haɗa ta da gawayi da ƙaro, a rubuta, a jingine allon a rana, ruwan ya tafi ya bar baƙin. Haka tawadar firintar ofis take: takarda ta tsotse, iska ta kwashe sauran. Amma akwai wata tawada da ta saɓa wa wannan ƙa'ida. A zuba ta a faranti a rufe a ɗaki mai duhu, bayan kwanaki za a same ta da danshinta. A haska mata wani irin haske kuwa, kafin ƙiftawar ido ta sandare ta zama roba.

Ita ce ake buga hotuna da ita a kan murfin waya, da gilashi, da tayil, da katako, da allunan karramawa da kayan rabo na biki. Injin da ke wannan bugu shimfiɗaɗɗen tebur ne. Kan da ke fesa tawada yana kai da komo a samansa, fitila mai hasken shunayya tana manne a gefensa tana bin sawunsa. Kan ya fesa, fitila ta bi ta gasa. Mai aiki ya ɗauki abin nan take ya miƙa wa mai shi, babu shanya, babu jira.

Hasken shi ne ultrabayolet, wanda aka fi sani da UV. Wani Bajamushe, Johann Wilhelm Ritter, ya gano shi a 1801 a garin Jena. Ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya sa gishirin azurfa a gaba da launin shunayya, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga nan ne gishirin ya fi saurin yin baƙi. Ashe akwai haske a wurin, kuma ya fi wanda ake gani ƙarfi. Tsawon igiyarsa daga nanomita 100 zuwa 400 ne.

Sirrin yana cikin tawadar. Maimakon ruwa ko sinadari mai tashi sama, abin da ke ɗauke da launin wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira monoma, galibi dangin akirilet, kowace tana yawo ita kaɗai. A cikinsu an zuba ɗan wani sinadari da za a iya kira ashanar haske. Da hasken ya bugi wannan ashana sai ta tsage, gutsurenta ya cafke monoma ɗaya, wannan ta cafke ta kusa da ita, a haka a haka har dubbai su sarƙe kamar saƙar taru, launin ya maƙale a tsakiya. Kusan duk abin da aka fesa yana nan, bai tafi iska ba. Shi ya sa in an shafa rubutun da yatsa ake jin tudunsa, shi ya sa kuma yake zama a kan gilashin da ba ya tsotsar komai.

Sai dai kan injin yana da tsirfa. Ramukansa sun fi gashin kai siranta, don haka dole tawadar ta yi ruwa-ruwa, har wasu injuna kan ɗumama ta kafin fesawa. Farar tawada ta fi rigima, domin hodar taitaniyam da ke cikinta nauyi gare ta, tana kwantawa a ƙasa in ba ana motsa ta ba. Injin da aka ajiye a bakin taga kuwa, rana kaɗai tana iya daskarar da tawada a bakin ramukan ta kashe kan.

Da can fitilar zaiba ake amfani da ita. Tana da ƙarfi, amma zafinta kan lanƙwasa siririyar roba, tana haifar da iskar ozon, tana buƙatar lokaci kafin ta kankama, kuma bayan awa dubu ɗaya ko biyu ta gaji. Ga zaibar kanta guba ce, wadda Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa duniya ta fara ja da baya daga gare ta. Yanzu fitilun LED ne ke karɓe fagen, masu haske a nanomita 365, 385 ko 395. Suna kamawa da an kunna, ba su da zafi sosai, suna yin dubban awanni fiye da na da. Tushensu aikin Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura ne a kan shuɗin LED, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2014.

A marinar Ƙofar Mata iska ce ke fito da shuɗin baba bayan an tsamo zane. A wannan tawada kuwa iskar abokiyar gaba ce: oksijin yana kashe gutsuren ashanar a saman tawada, sai a bar fuskar da danƙo. Wani lokaci kuma akasin haka ne, sama ya sandare, ƙasa na nan ɗanye, musamman a baƙar tawada mai kauri da ke tare haske.

Wannan ɗanyen shi ne abin tsoro. A watan Nuwamban 2005 hukumomin Italiya suka kwashe madarar jarirai ta kamfanin Nestlé daga kasuwa, bayan an gano sinadarin ITX a ciki. Ashanar haske ce ta tawadar da aka buga kwalin da ita. An naɗe takardar kwalin, bugaggen gefen ya taɓa gefen da zai rungumi madara. Ba injin feshi ne ya buga wannan kwali ba, amma darasin ya shafi kowa, kuma daga nan aka matsa wajen ƙera tawada ta musamman don mazubin abinci. A Satumban 2025 ma Tarayyar Turai ta hana sa wata ashanar, TPO, a jan farce, alhali sinadari ne da aka daɗe ana sa shi a tawadar LED.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne yaron shago da ke cika tankin tawada da goge kan injin. Ɗanyen akirilet yana sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma in jiki ya riga ya tsane shi, ɗigo kaɗan ya isa ya tayar da ciwon har bayan shekaru. Hasken kansa yana ƙona ido kamar walƙiyar walda. Safar hannu ta naitiril, da tabarau mai tare UV, da tagar da iska ke ratsawa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma mai shagon da ya iya sayen injin ba shi da hujjar hana su. Kofin biki kuma a buga shi a waje kawai, nesa da inda leɓe ke taɓawa.