Jirgi Mai Rimot: Inda Hannu Ke Rikicewa

Tayar da ƙaramin jirgi mai rimot ba wuya. Wuyar tana zuwa ne sa'ad da ya juyo ya fuskance ka, don a nan damanka ya zama hagunsa. Ni da ɗan yayata mai shekara 10 muke koyo tare, kuma dabarar da ta fisshe mu ita ce: in jirgin yana tahowa ya karkace, tura sandar rimot wajen fiffiken da ya yi ƙasa, kamar kana tokare shi.

Mai fiffike a saman gangar jiki muka zaɓa, saboda irinsa yakan daidaita kansa in ka saki sanda. Na fara gogewa a manhajar kwaikwayo ta kwamfuta, sannan muka haɗa rimot biyu: ina danne da maɓalli yana tuƙi, da na saki iko ya dawo hannuna. Abin haushi, yaron ya fi ni saurin kamawa, wasan gem ya riga ya horar da yatsunsa.

Iska muke fuskanta wajen tashi da sauka, a fili nesa da jama'a da wayoyin lantarki. Batirin LiPo kuwa, kada ka jona shi caji ka tafi lacca. Yana iya kamawa da wuta, ga katifu a ɗakin kwana.