Yadda ake zaɓar amfilifayar da za ta dace da tsofaffin sifikun gida

A farkon shekarar 1975, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas, kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ne a babura da firji da kayan sauti. A Kaduna da Kano da Zariya da Jos, falon ma'aikaci bai cika ba sai an ga manyan akwatunan katako biyu a kusurwoyi, a tsakaninsu ga garmaho, ga kuma wata na'ura mai fuskar azurfa ɗauke da sunan Pioneer ko Sansui ko Kenwood ko Akai. Shekara hamsin ke nan. A gidaje da dama na'urar ta daɗe da mutuwa, amma sifikun suna nan daram, an mayar da su wurin ɗora hotuna.

Yawancin waɗannan sifiku sun cancanci a farfaɗo da su, domin katakonsu da maganaɗisunsu sun fi na tarkacen roba da ya cika kasuwa yanzu. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen saya musu abin da zai tuƙa su. Magaji ya shiga kasuwa, tambayarsa ɗaya ce: wat nawa? Mai shago ya nuna masa wadda ta fi yawan sifili a jikin kwali. Bayan mako biyu sai a ji siririyar muryar sifikar ta ɗauke, kuma wannan ɓangaren da ya ƙone kamfanin ya daina ƙera shi tun kafin a haifi mai sayen.

Kafin a yi nisa, yana da kyau a bambance abubuwa biyu. Amfilifaya ita ce na'urar da ke karɓar ƙaramin sauti daga garmaho ko kaset ko waya ta ƙara masa ƙarfin da zai motsa sifika. Idan aka haɗa ta da rediyo a gida ɗaya, ita ce ake kira risiba, wadda ba ta da alaƙa da risibar tauraron ɗan'adam da ake kallon ƙwallo da ita. Ƙa'idojin zaɓensu iri ɗaya ne, kuma dukkansu suna farawa ne daga bayan akwatin sifikar, ba daga shago ba.

A fara duba lafiyar sifikar

Babbar sifikar da ke fitar da gangar sauti, wato wufa, tana da zobe mai laushi a bakinta. Idan na soso ne, da wuya ya wuce shekara ashirin bai ruɓe ba. Ana taɓa shi sai ya marmashe kamar busasshen ƙuli. Kunna sifika a wannan hali yana sa koyil ɗinta ya riƙa gogar maganaɗisu har ya lalace. Ana sauya zoben da sabo, kuma aikin bai kai kuɗin sabuwar sifika ba. Waɗanda aka yi musu zoben yadi, kamar yawancin manyan Sansui masu fuskar katako mai raga, sun fi jure shekaru. Haka kuma a cikin akwatin akwai 'yan kondensa da ke raba sauti tsakanin wufa da tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririyar murya. Su ma suna bushewa da tsufa, sai sautin ya dusashe, mutum ya ɗora laifin a kan amfilifaya alhali ba ruwanta.

Om: lambar da ta fi wat muhimmanci

A bayan kusan kowace sifika an rubuta lamba 4 ko 6 ko 8, wani lokacin 16 a tsofaffi sosai, da alamar om a gefenta. Wannan lamba tana nuna yadda sifikar ke tare wa lantarki hanya. Abin da ke rikita mutane shi ne, ƙaramar lamba ita ce nauyi. Sifika mai om 4 tana zuƙar ninki biyu na lantarkin da mai om 8 ke zuƙa, tamkar famfon da aka faɗaɗa wa baki. Amfilifayar da ba a gina ta don wannan ba za ta yi zafi, ta riƙa ɗaukewa da kanta, idan kuma ba ta da kariya ta ƙone.

Saboda haka sai a kwatanta da abin da aka rubuta kusa da wurin ɗaura wayoyin sifika a bayan amfilifayar. Idan an rubuta 4 zuwa 16, za ta ɗauki kusan kowace iri. Sabbin risiba masu sauƙin kuɗi da yawa suna farawa ne daga 6 ko 8; Sony STR-DH190, alal misali, daga 6 zuwa 16 aka ƙayyade mata. Yawancin sifikun Japan na shekarun 1970 masu om 8 ne, don haka ba su da rigima. Na Jamus, irin su Grundig da Telefunken, galibi om 4 ne, haka ma shahararriyar AR-3a ta Amurka da ta fito a 1967. Idan takardar bayan ta goge, mai gyaran rediyo zai iya aunawa da mitarsa: mai om 8 takan nuna kusan 6, mai om 4 takan nuna kusan 3.

Akwai kuma wani tarko. Risiba da yawa suna da maɓallin A da B don ɗaura sifiku huɗu, biyu a falo biyu a tsakar gida. A yawancinsu, kunna A da B tare yana raba lambar gida biyu: masu om 8 su koma 4, masu om 4 su koma 2. Om 2 kuwa kaɗan ne daga cikin amfilifayun gida ke tsira daga gare shi. Ranar suna ko walima, lokacin da aka jona duk sifikun gidan aka murɗa har ƙarshe, ita ce ranar ajalin na'urori da yawa.

Gaskiyar magana game da wat

Ba kowane wat ne wat ba. Ƙaryar lambobi ta yi yawa a Amurka har sai da hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta kafa doka a 1974, wadda ta tilasta wa kamfanoni bayyana ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ba tare da tsayawa ba. Shi ne ake rubutawa da RMS, kuma shi kaɗai ne abin dogaro. Wanda ake rubutawa da PMPO a jikin kwalaye, dubu uku ko dubu biyar, ado ne kawai. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: a duba kusa da wayar wuta, inda aka rubuta abin da na'urar ke sha. Wadda ke shan wat 60 daga soket ba ta da inda za ta samo dubu biyar ta ba sifika.

Yawan wat ɗin da ake buƙata kuma ya danganta ne da saurin amsawar sifikar, wanda ake aunawa da desibel: ƙarar da take yi idan an ba ta wat ɗaya, aka saurara daga nisan mita ɗaya. Kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar a ninka wat. Ma'ana, ƙarar da sifika mai desibel 94 za ta yi da wat 10, mai desibel 88 sai ta sha wat 40 kafin ta kamo ta. Kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Wannan ya sa bambancin amfilifaya mai wat 50 da mai 70 bai kai a biya masa ƙarin kuɗi ba.

Manyan akwatuna masu rami a gaba, irin su JBL L100 ta 1970 da Pioneer HPM-100 ta 1976, suna da saurin amsawa sama da desibel 90. Wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare sun ishe su cika falo. Akwatunan da aka toshe ruf, bisa fasahar da Edgar Villchur ya fito da ita a kamfanin Acoustic Research a 1954, suna ba da ganga mai zurfi daga ƙaramin jiki, amma mayunwata ne. Su ne ke neman wat 60 zuwa sama, daga amfilifaya mai nauyin taransifoma.

Abin mamaki shi ne, ƙaramar amfilifaya ta fi babba yawan kashe sifika. Idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai ta riƙa datse kawunan igiyar sauti, wannan gurɓataccen sauti kuma ya tafi kai tsaye ga tuwita, wadda wayar koyil ɗinta ba ta fi kaurin gashi ba. Alamar ita ce murya ta fara kaushi tana sukar kunne. Da an ji haka sai a rage. Amfilifaya mai wat 80 da ake tafiyar da ita cikin natsuwa ta fi aminci ga sifika mai wat 50 a kan mai wat 20 da aka murɗe wa wuya.

Tsohuwa ko sabuwa?

Masu sha'awa sukan fi son risibar da ta yi zamani da sifikun, kuma suna da hujja. Marantz 2230 mai wat 30 da Pioneer SX-780 mai wat 45 an gina su ne don irin waɗannan akwatuna, ga kyan gani, ga wurin jona garmaho. NAD 3020, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970 da wat 20 kacal a takarda, ta yi suna ne saboda ba ta tsoron sifika mai ƙaramin om. Sai dai na'urar da ta haura shekara arba'in tana zuwa da gajiyarta: kondensa sun bushe, maɓallai suna ƙarar yashi. SX-780 ɗin ma tana amfani da wasu sassa da ake kira STK, waɗanda aka daina ƙerawa, kuma akasarin na kasuwa yanzu kwaikwayo ne. Wanda bai san amintaccen mai gyara ba, sabuwa ta fi masa kwanciyar hankali. Yamaha A-S301, misali, tana da wat 60 a kowane ɓangare, da wurin garmaho, da maɓallin sifika mai ƙaramin om. Abin da bai dace ba sam shi ne kan na'urar sinimar gida mai ƙananan sifiku biyar, domin an yi shi ne don nasa sifikun kawai.

Wutar Najeriya da kayan gwanjo

A nan ne asara ta fi saurin aukuwa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Risibar gwanjo da ta shigo ta Alaba a Legas ko ta Sabon Gari a Kano tana iya kasancewa ta kowace ƙasa, kuma jona mai bolt 100 ko 120 a soket ɗin gida yana ƙona ta nan take, wani lokaci kafin a saki filogi. Wasu suna da maɓallin sauya bolt a baya, sai a tabbatar yana kan 220 ko 240. Wadda ba ta da shi tana buƙatar taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da risibar ke sha. Tsofaffin da aka yi don cikin Japan suna da wata matsalar: FM ɗinsu daga 76 zuwa 90 yake, alhali tashoshin nan suna tsakanin 87.5 da 108, don haka tasha kamar Freedom ta Kano da ke kan 99.5 ba za ta taɓa shiga ba.

Sitabilaiza wajibi ce, kuma a riƙa kashe na'urar kafin a juya layi zuwa janareto. Inbata mai arha takan sa taransifoma gurnani. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a kulle risiba a kabad ko a ɗora mata wata na'ura a kan ramukan iska. Ƙurar hunturu kuma a riƙa bushe ta lokaci zuwa lokaci.

A wurin ciniki

Mai faifan garmaho ya nemi wurin da aka rubuta PHONO, da ɗan kusoshin ɗaura wayar ƙasa a gefensa. Idan babu, faifan zai fito a shaƙe, babu ganga. Waya kuwa a AUX ko TAPE ake jona ta, kai tsaye ko ta ƙaramar na'urar Bluetooth, ba a PHONO ba.

Idan tsohuwa ce, a sa mai gyara ya ɗora mita a wurin wayoyin sifika kafin a jona komai. Idan tsayayyen lantarkin da ke fita ya zarce milibolt 50 sosai, tana buƙatar gyara, domin irin wannan lantarki yana dafa koyil a hankali ba tare da wata ƙara ba. A yawancinsu ana jin ɗan "ƙas" bayan daƙiƙa kaɗan da kunnawa, alamar kariyarta tana aiki. A bar ta ta yi kamar rabin sa'a tana waƙa, sannan a taɓa samanta: ɗumi daidai ne, zafin da hannu ba ya jurewa ba daidai ba ne. A murɗa maɓallin daidaito hagu da dama don tabbatar da ɓangarorin biyu suna da ƙarfi ɗaya.

Mafi kyau shi ne a ɗauki sifika ɗaya a mota a je da ita, tare da sautin da kunne ya saba da shi. Kalangun Mamman Shata yana tona asirin gangar da ta yi sako-sako, kuntigin Ɗan Maraya Jos kuma yana nuna ko tuwita na da rai. Idan a gida aka ji gangar ta ɓace bayan an ɗaura sifikun biyu, galibi wayar ɗaya ce aka juya: ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a kowane ɓangare.