Goman Ƙarshe a Kantin Kwari: Yaron Shago da Faɗan Kayan Sallah

Ranar ashirin da shida ga azumi, bayan azahar, ina tsaye a bakin wani shago a Kantin Kwari ina jira a yanko mini shadda. Wata hajiya ce a gabana da 'yan matanta biyu. Yaron shagon, wanda ba zai haura shekara sha tara ba, ya sauko mata da atamfa ta kai turmi sha biyar. Kowanne sai ya warware ta duba, ta murza, ta ce a miƙo wancan na sama. Da ta ware uku ya faɗi kuɗi, sai ta dafe ƙirji.

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah! Nawa na saya bara?"

"Wallahi Hajiya haka muka saro."

Ta taya, ya ce albarka. Ta ƙara, ya waiga ciki, maigida ya girgiza kai idonsa na kan waya. Da ƙyar aka daidaita. Ta yi tiransifa, ta nuna masa shaida a wayarta, amma alat bai shigo ba. Yaro ya riƙe leda ya ce ta yi haƙuri. Nan fa ranta ya ɓaci: "Ni za ka mayar ɓarauniya? Na haifi kamarka!" Jama'a suka fara taruwa, 'yan dako na ta "hanya, hanya" a bayanmu. Sai da aka yi kusan minti ashirin kuɗin ya faɗo.

Abin da ya dame ni shi ne, duk waɗanda suka haddasa wannan faɗa babu ko ɗaya a bakin shagon.

Farashi dai ba yaro ke yanka shi ba. Yawancin kayan da ke Kwari daga waje ake shigo da su: atamfa da yadi daga Sin, shaddar Getzner daga Ostiriya, atamfar Vlisco daga Holan. Masaƙun da muke da su a Kano da Kaduna, irin su Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, galibinsu sun daɗe da rufewa. Saboda haka ɗan kasuwa sai ya leƙa kasuwar canji ta Wapa ya ji yadda dala ta kwana kafin ya san nawa zai sayar. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ga cire tallafin mai da ya ninka kuɗin mota. Hajiya da farashin bara take tafe a kanta, kuɗin da maigidanta ya ba ta ma da lissafin bara ya ƙirga, ga yara sun sa rai.

Shi kuwa riƙe leda yana da dalili. Tun farkon 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ciniki ya koma tiransifa da POS. A kwanakin Sallah sabis kan cushe, kuɗi ya fita daga asusun mai saye ya maƙale a hanya. Akwai kuma macuta masu nuna alat na bogi. In kaya ya fita kuɗi bai shigo ba, a wuyan yaro ake ɗora shi. Yaron nan sau da yawa ba shi da tsayayyen albashi, sai kuɗin abinci da na mota, da fatan wata rana maigida ya yaye shi da jari. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai naira 70,000 a 2024, ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai ashirin da biyar ba. Turmi uku in suka salwanta, ladan watanni ne ya tafi. Kuma da bakin azumi yake hawa yana sauka tun hantsi.

Ba kuma zan wanke 'yan kasuwa tas ba, don masu saye ba banza suke shigowa da zargi ba. An sha sayar wa mutum kwaikwayo da sunan asali, sai an wanke ya zuba. An sha tauye yadi wajen awo, sai a gaban tela ake ganewa, ana saura kwana biyu Sallah. Ga 'yan kayi-nayi da ke tare baƙo tun daga bakin layi, su ɗora nasu a kan kuɗin. In ka dawo da ƙorafi a ce kaya in ya fita ba ya dawowa, alhali dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kayan da aka samu da aibi ko wanda ba shi aka kwatanta masa ba. Wanda aka taɓa cuta sau ɗaya, duk yaron da ya gani a shago kallon macuci yake masa.

A ganina nauyin yana kan masu shaguna. Rubuta farashi a jikin kaya, da manna takarda cewa sai kuɗi ya shigo kaya ke fita, ba abu ne mai wuya ba, kuma zai sa mai saye ya san ƙa'idar shago ce, ba raini daga yaro ba. In murya ta fara tashi kuma, maigida ya taso da kansa. Kalmar "Hajiya, a yi mana afuwa" daga bakin dattijo tana kashe wutar da yaro ba zai iya kashewa ba. Na ranar nan bai motsa daga kujerarsa ba.

Hajiya ta fizgi ledarta ta wuce ba ko sallama. Yaron ya durƙusa yana ninke turmi sha biyun da suka rage, leɓɓansa sun bushe. Sai da ya mayar da su kan kanta sannan ya ɗauko almakashi ya dube ni.

"Alhaji, yadi nawa ka ce?"