Kayan Tafiyar Ƙasa Mai Nisa: Abin Da Ake Goyawa Da Abin Da Ake Bari A Gida

A ƙasar Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Hanyar Apalaciya. Ta taso ne daga Dutsen Springer a Jihar Jojiya, can kudu, ta bi ta kan duwatsu da dazuzzuka, ta ratsa jihohi 14, ba ta tsaya ba sai kan Dutsen Katahdin a Jihar Maine, can arewa. Tsawonta ya kusa mil 2,200, watau wajen kilomita 3,500. In mai karatu yana son ya gane nisan, sai ya ƙiyasta tafiya a ƙasa daga Kano zuwa Ikko, ya komo Kano, ya sake komawa Ikko, har ila yau kuma da saura. An gama fitar da hanyar cikin 1937, kuma kowace shekara dubban mutane sukan ɗaura niyyar bin ta daga farko har ƙarshe, tafiyar da kan ci wata biyar zuwa bakwai. Amma cikin kowane mutum huɗu da suka tashi, wajen mutum ɗaya ne kaɗai yakan kai.

Dalilan da ke sa sauran su fasa suna da yawa. Akwai ciwo, akwai ƙarewar kuɗi, akwai kewar gida. To, amma in aka bi diddigi sai a tarar da yawa daga cikin ciwon nan daga kaya ya samo asali: takalmin da ya matse ƙafa, ko jakar da ta fi ƙarfin mai ita, ko abin rufar da bai hana sanyi ba.

Wajen mil 30 daga mafarin hanyar a Jojiya akwai wani wuri da ake kira Neel Gap, inda hanyar ta bi ta cikin ginin wani kantin sayar da kayan matafiya. Galibi kwana uku ko huɗu ke kawo mutum nan, kuma kwanakin nan sun isa su koya masa abin da mai kanti na garinsu bai gaya masa ba. Ma'aikatan wurin sukan sa matafiyi ya zazzage jakarsa a ƙasa, su bi kayan ɗaya bayan ɗaya suna tambayarsa amfanin kowane. Sai ka ga an ware gatari, da manyan littattafai, da tukunya ta biyu, da riguna na canji har kala biyar, an ɗaure an aika masa da su gida ta gidan waya. A bakin kantin kuwa akwai wata itaciya da takalma suka yi wa ado, domin waɗanda suka fasa tafiyar, ko suka gaji da takalman da suka zo da su, sukan jefa su bisa rassanta.

Wani abin mamaki shi ne waɗanda suka fara gama wannan hanya ba su da ko rabin kayan da ake tallatawa yau. Earl Shaffer, wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne aka sani ya fara bin ta a tashi ɗaya cikin 1948. Ya yi wajen wata huɗu, da takalmi ƙafa ɗaya tak wanda aka riƙa sake wa tafi a hanya, tantinsa ma tun da wuri ya mai da shi gida saboda nauyi. Sa'an nan cikin 1955 wata dattijuwa daga Jihar Ohio, Emma Gatewood, mai 'ya'ya 11, ta gama hanyar cikin kwana 146 tana da shekara 67. Kambas ta sa a ƙafa. Jakarta kuwa wani buhu ne da ta ɗinka da hannunta, tana rataya shi a kafaɗa, a ciki akwai bargon soja, da rigar ruwa, da labulen leda irin na ɗakin wanka wanda take fakewa a ciki in ruwa ya sauko. Ba ta da tanti.

Masu ƙyamar sayen kaya suna son kawo labarin wannan tsohuwa, amma sukan bar rabinsa. Cikin 1954 ta gwada tafiyar daga Maine, ta ɓata a daji, tabaranta ya karye, aka mai da ita gida. A tafiyar da ta yi nasara kuma sau da yawa mutanen ƙauye ne suka ba ta masauki da abinci, wani dare kuwa sai ta gasa duwatsu a wuta ta kwanta a kansu saboda sanyi. Abin koyi a wurinta, a ganina, shi ne ta san abin da jikinta zai iya ɗauka, ta saba da wahala tun a gona. Wanda bai saba ba, in ya ce zai kwaikwayi buhunta, zai sha wuya.

TAKALMI

A fara da ƙafa, don ita ce jakin mai tafiyar ƙasa. Matafiya suna cewa laba ɗaya a ƙafa daidai take da laba biyar a baya, dalili kuwa shi ne ƙafa ana ɗaga ta ne sau dubbai kowace rana. Saboda haka yawancin masu bin Hanyar Apalaciya a yau sun bar manyan takalman fata masu kama idon sawu, sun koma ga marasa nauyi irin na 'yan gudu. Waɗannan suna saurin bushewa in an tsallake rafi, amma ba su da ƙarko: bayan mil 500 ko kusa da haka sun mutu, watau mutum zai kashe ƙafa huɗu ko biyar kafin ya gama. Duwatsun Jihar Pennsylvania ma sun yi suna wajen cin takalmi. Na fata ya fi daɗewa, ya fi kare ƙafa in kaya na da nauyi, sai dai in ya jiƙe yakan kwana biyu bai bushe ba.

Ko wane iri mutum ya zaɓa, ya saye shi da yamma, sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura, yana sanye da irin safar da zai yi tafiya da ita. Ya bar filin da babban yatsan hannu zai shiga tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, domin bayan makonni ana tafiya ƙafa takan ƙara faɗi, kuma a gangare yatsu sukan tura gaba su bugi takalmi har farce ya yi baƙi ya fita. Kada kuma ya tashi da sabon takalmi ranar tafiya. Ya yi mako biyu ko uku yana yawo da shi tukuna.

A dubi tafin takalmin ƙwarai. Cikin 1935 wasu mahaya duwatsu shida suka mutu a duwatsun Italiya, aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suka sa. Abokinsu, Vitale Bramani, shi ya ƙago tafin roba mai haƙora cikin 1937, wanda ake sayarwa da sunan Vibram. Tafin da ya shafe ya yi sumul, a kan dutse mai laima, hanyar asibiti ce.

Game da safa da riga magana ɗaya ce: a guji auduga. Wannan zai yi wa mutanenmu nauyin ji, don mun saba auduga ita ce ta fi daɗi a zafi. Amma auduga tana shan gumi ta riƙe shi. A ƙafa laimar nan ita ke kawo bororo, a jiki kuwa, in iska ta kaɗa a kan dutse, jiƙaƙƙiyar riga takan zuƙe ɗumin mutum har ya fara makyarkyata, hankalinsa ya gushe, wani ma ya mutu, ko da babu dusar ƙanƙara. Hanyar nan ta bi ta kan Dutsen Washington a Jihar New Hampshire, inda aka taɓa auna iska mai gudun mil 231 cikin sa'a a 1934. Ulu da yadin roba su ne ke riƙe ɗumi ko sun jiƙe.

JAKAR GOYO

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a kai suke ɗaukar kaya, da gammo, sauran kuma jakuna su ɗauka. Mai hawan dutse ba shi da jaki, kuma yana bukatar hannuwansa da wuyansa su zama a sake, don haka sai goyo. Da can nauyin duka a kafaɗa yake sauka. Cikin 1952 wani Ba'amurke, Dick Kelty, ya fara ƙera jaka mai firam na alminiyam, aka kuma haɗa mata ɗamara, daga baya cikin 1967 Greg Lowe ya mai da firam ɗin cikin jakar. Amfanin ɗamarar nan shi ne ta sauke mafi yawan nauyin a kan ƙugu, inda ƙashi ya fi ƙarfi. Jakar da ba ta da ɗamara mai kauri ta ɗan makaranta ce, ko da an rubuta mata sunan dutse a jiki.

Jaka tana da lamba kamar takalmi. Abin da ake aunawa shi ne tsawon baya, daga ƙashin nan da ya turo a gindin wuya zuwa saman ƙashin ƙugu, kuma dogon mutum yana iya zama mai gajeren baya. In an je saye, a zuba mata kaya na wajen kilo 10, a goya, a ɗaure ɗamara, a yi ta zagaye na minti 20. Jakar da babu kome a cikinta kullum daɗin goyo gare ta. Sa'an nan a juya ta a dubi ɗinki, musamman inda maratayin kafaɗa ya haɗu da jikin jakar, don nan ne ta fi yagewa. A ja zif sau da yawa. Mai cin lita 50 zuwa 65 ta isa. Wadda ta fi haka sai ta ruɗi mai ita ya cika ta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada kaya duka su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. Mai kilo 70 ke nan kada ya wuce kilo 14, kuma a ciki har da ruwa, wanda kowace lita kilo ɗaya ce, da abincin kwana huɗu ko biyar. In aka cire waɗannan, sai a ga abin da ya rage na tanti da abin rufa da tufafi bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ya fi kyau a sayi jaka daga ƙarshe, bayan an tara sauran kayan an san yawansu.

Kada a yarda da maganar cewa jaka ba ta shan ruwa. A sa babbar leda mai kauri a cikinta, a zuba abin rufa da tufafin kwana, a murɗe bakin.

Abin rufa kuwa, watau buhun barci, iri biyu ne. Akwai mai lallausan gashin agwagwa ko dinya, wanda ya fi ɗumi, ya fi rashin nauyi, ya fi tsada, amma in ya jiƙe ya zama tsumma. Akwai mai audugar roba, mai nauyi da cin wuri, amma yana da araha, kuma laima ba ta kashe shi gaba ɗaya. A jikin masu kyau akan rubuta awon sanyi hawa uku: na barci cikin jin daɗi, da na iyakar abin da mutum zai jure, da na tsira da rai kawai. Mai talla yakan nuna maka na biyu ko na uku, kai kuwa na farko za ka duba. Har ila yau kada a manta da shimfiɗa, don ƙasa ta fi iska satar ɗumin mai barci. Tanti, ko da yake akwai rumfunan kwana fiye da 250 a bisa hanyar, dole ne a riƙe shi, saboda rumfa takan cika. Rigar ruwa mai yadin Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa cikin 1976, tana fitar da tururin jiki, amma mai hawan tudu da kaya zai jiƙe da gumi duk da haka. Aikinta na gaskiya shi ne tare iska.

Ruwan rafi, kome haskensa, ba a sha sai an gyara shi. Ƙananan matatan ruwa na zamani suna tare ƙwayoyin da ke kawo zawo, amma ba su tare mafi ƙanƙanta irin masu kawo ciwon shawara, kuma in ruwan da ke cikinsu ya daskare sun lalace ba tare da an gani ba, shi ya sa matafiya kan kwana da su cikin buhun barci. Tafasa ruwa na minti ɗaya ya fi su tabbaci, in akwai makamashi. Wayar hannu tana nuna hanya, amma batir yana mutuwa, don haka taswirar takarda da kamfas da tocila ba su tsufa ba tukuna. Allura da zare da filasta kuma ba su da nauyin da zai sa a bar su.

Mu ma nan muna da inda wannan magana za ta yi aiki. Mai son hawan Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, zai yi kwanaki a ƙasa, kuma sanyin dare a can ba irin na Kano ba ne. Galibin mutanenmu a gwanjo za su nemi irin waɗannan kaya, ba kuwa laifi, don sau da yawa tsohuwar jaka ta asali ta fi sabuwar jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani. Sai dai a lura da abu biyu. In cikin jaka ko tanti yana danƙo, ko yana ɓarewa kamar amosani, ko yana wari mai tsami, to, shafin da ke hana ruwa shiga ya mutu. Takalmi kuma, ko da ba a taɓa sa shi ba, in ya daɗe a ajiye, robar da ke tsakanin tafi da fata takan ruɓe. Sai a lanƙwasa shi da ƙarfi a gaban mai gwanjon, a danna gefen da farce. In ya tsage ko ya yi gari, a ajiye masa abinsa, domin irin wannan ne ke rabuwa biyu a rana ta biyu, inda babu baduku.

Bayan an gama sayayya, sai a goyi kayan duka a tafi wani wuri kusa da gida a kwana biyu ko uku, in da hali a lokacin da ake ruwa. In an dawo a zazzage jakar a kasa kayan kashi uku: waɗanda aka yi aiki da su kullum, da waɗanda aka taɓa sau ɗaya, da waɗanda ba a taɓa ba. Kashi na uku su zauna a gida, ban da magunguna da rigar ruwa da taswira.