Makunnin da ke Biyan Buƙatar Naƙasasshe

Duk ɗalibin da ya taɓa haɗa batir da waya da ƙwan tocila ya san aikin makunni. Idan ƙarafa biyu suka haɗu, hanyar lantarki ta cika, sai ƙwai ya kama. Idan suka rabu, sai ya mutu. To amma makunnan rediyo da tocila ƙanana ne, an yi su ne domin mai yatsu lafiyayyu. Ina makomar yaron da aka haifa da sanƙarewar gaɓoɓi, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya sami rauni a laka?

Masana sun lura cewa da wuya a sami naƙasasshen da ba shi da motsi ko ɗaya da yake iko da shi, ko na ƙafa, ko na haɓa, ko na numfashi. Saboda haka sai a ƙera makunni daidai da wannan motsi. Akwai mai faɗi kamar faifai wanda ake dannawa da gwiwar hannu, akwai wanda ake takawa, akwai kuma na bututu wanda ake zuƙa ko a hura. A farkon shekarun 1960, a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, Reg Maling ya ƙera irin wannan na bututun, har marasa lafiya suka riƙa buga tafireta da numfashi.

Makunni ɗaya tak na iya yin rubutu. Kwamfuta takan bi haruffa tana haskaka su bi da bi, mutum kuwa ya danna idan ta iso kan wanda yake so. Haka masanin sararin samaniya Stephen Hawking ya yi ta magana bayan ya rasa muryarsa a 1985, da farko da hannu, daga baya da motsin kunci, har rasuwarsa a 2018. Wayoyin iPhone da Android ma suna karɓar irin wannan makunni.

Ba sai an yi odarsa daga waje ba. A kasuwar Panteka ta Kaduna, inda maƙera ke raya tsofaffin ƙarafa, ana iya samun yawancin kayan haɗinsa: falle biyu na jan ƙarfe, soso, katako da waya. A sa soso a gefunan fallayen don ya raba su, a liƙa wa kowane waya da dalma. Sauran bakunan wayoyin biyu a cusa su tsakanin batir da mazauninsa, da 'yar takarda mai kauri a tsakaninsu, sannan a bar rediyon a kunne. Muddin ana danna fallen, rediyo zai yi magana.

Gargaɗi: a tsaya ga kayan batir kawai, domin wutar gida mai ƙarfin bolt 230 tana kisa. Kuma kafin a ƙera, malami ya sa ɗalibai su zauna da mai buƙatar, su tambaye shi motsin da ba ya gajiyar da shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.