Daga jirgin ruwa zuwa tankin gida: Ƙaramar na'urar da ke hana ɓarnar ruwa a Arlit

A Arlit babu kogi balle jirgin ruwa, amma na'urar da ke hana jirgi nutsewa tana da aikin yi a garin. Makunni ne mai iyo a kan ruwa, wanda masu gyara a Nijar ke kira da sunansa na Faransanci, flotteur.

Ruwan da garin ke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Ya taru ne tun shekaru dubbai, kuma ɗan ruwan saman da ake samu ba ya mayar da gurbinsa. Da irinsa mahaƙar yuraniyom ta Somaïr ke aiki tun 1971, haka ma ta Cominak da ke Akouta kafin a rufe ta a watan Maris na 2021. Don haka duk tankin da ya cika ya kwana yana zuba, asara ce da ba ta da mayi.

A jirgi, idan ruwa ya taru a ƙasa sai makunnin ya taso ya kunna famfo ya kwashe. Ana haɗa shi kai tsaye da batir ta hanyar fis, domin ya yi aiki ko da injin a kashe yake.

A tankin gida akasin haka ake so: ruwa ya yi ƙasa famfo ya tashi, ya cika ya tsaya. Yawancin makunnan na da waya uku, ɗaya ta gama-gari, ɗaya ta cikawa, ɗaya ta kwashewa. Wanda ya musanya su, famfonsa zai tashi ne lokacin da tanki ya cika. Launin wayoyin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka a ɗaga makunnin da hannu a gwada tukuna.

A katse wuta kafin a fara aiki. Mahaɗin waya ya kasance a wajen tanki, a rufe shi ruf. Babban famfo na buƙatar kontakta, in ba haka ba makunnin zai ƙone. A sa wani makunnin a ma'ajiyar ƙasa, kada famfo ya yi ta juyawa babu ruwa.

Mazauna ƙetare da ke aiko kuɗin gini su tambayi mai haɗa wutar: an sa makunnin, an kuma gwada shi? Kuɗinsa bai kai na sabon famfo ba.